Mai Fanka Biyu da Mai Fanka Uku

Ranar Litinin abin ya fara, a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ke sa kwanon rufi ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Kwana huɗu ke nan hadari na taruwa ta gabas da la'asar, ya tsaya saman Kaura Namoda kamar baƙo mai neman gidan wani, sannan ya watse ba ko ɗigo. Da hantsin ranar Kamaluddeen mai gyaran kwamfuta ya turo mini saƙo cewa ya dawo daga Kano, in zo.

Sunana Abbati. Na bar makaranta a aji huɗu na sakandare, ba korata aka yi ba, zaman benci ne ya ishe ni. Daga nan na yi ɗinki wata uku, na yi walda wata biyar, na yi kabu-kabu har na lura ba inda nake zuwa sai inda wani yake son zuwa. Abu ɗaya ne ban taɓa gajiya da shi ba, shi ne gem, wasan kwamfuta. Shi ya sa na shekara ina harhaɗa kwamfuta guntu-guntu, yau akwati, gobe fanel ɗin da ake jona komai a kansa, wata mai zuwa allo, da niyyar in buɗe shagon gem a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Komai ya kammala sai katin girafik, wanda shi ke zana hoton da ake gani a allo. In babu shi, mota a cikin gem tafiya take yi irin ta tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Babana Malam Muhtari ba ya doguwar magana. Ya ba ni ɗakin, ya kuma ba ni wa'adi. Ya ce ranar da ruwan farko ya sauka, in shagon bai buɗe ba, zan hau mota zuwa Banga in yi damina a gonar ƙanensa, kuma ba ya son jin wata sabuwar sana'a daga bakina. Na san Banga. Kafin waya ta kama sabis sai ka hau kan rumbu ka ɗaga hannu.

Da na isa shagon Kamaluddeen, ya share tebur da gefen rigarsa ya ajiye kati biyu, dukansu na hannu. Ɗaya dogo ne, fanka uku a jere a cikinsa, da fitilu a gefe masu canza launi. Ɗayan gajere ne mai kauri, fanka biyu, baƙi wuluk ba ado. Kuɗinsu ɗaya, kuma abin da ke aljihuna na guda ɗaya ne. Ya ce mai fanka uku ya fi gudu, amma akwai cin wuta da ɗaukar zafi. Mai fanka biyu kuwa ya fi yawan ƙwaƙwalwa, bai da hayaniya, sai dai a wasu gem yakan ɗan ja ƙafa.

Na ce, "To in kai ne wanne za ka ɗauka?"

Ya ce, "In ni ne, sai in sayar maka da ɗaya, in sayar wa wani da ɗayan."

Na juya wannan, na juya wancan, har aka kira azahar. Duk wanda na ɗaga sai in ga na kan teburin ya fi kyau. Da ya ga zan hana shi aiki, kuma da yake unguwarmu ɗaya, sai ya ce in tafi da su duka biyun, ranar Lahadi in kawo masa kuɗin ɗaya da gangar jikin ɗaya.

Da akwai wuta da a ranar zan gwada su in huta. Amma kwana tara ke nan ba a kawo mana wuta ba, kuma ƙaramin janaretan maƙwabcinmu ko dutsen guga aka jona masa sai ya yi tari ya mutu. Talata da Laraba na yi su ne ƙarƙashin wata bedi kusa da tsohuwar tashar jirgi, inda sabis ya fi ƙarfi, ina kallon bidiyon Turawa masu gwada kati. Wani mai gemu ya ce duk wanda ya sayi mai fanka biyu zai yi nadama. Wani mai tabarau ya ce duk wanda ya sayi mai fanka uku bai san ciwon kansa ba. Na lura dukansu sanye suke da rigunan sanyi a cikin ɗaki. Ba wanda ya faɗi abin da kati zai yi a Kaura cikin bazara, ƙarƙashin kwano.

Da yammacin Laraba Inna Asabe, mahaifiyata, ta same ni tsakar gida na jera su a kan tabarma na zuba musu ido. Ta durƙusa ta sa yatsa ta juya fanka ɗaya, ta bi ta da kallo har ta tsaya. Ta ce a gidansu ba a sayen abu mai numfashi sai yayanta Maitama ya duba. Na ce Inna, wannan ba ya numfashi. Ta tambaye ni aikin fankar. Na ce iska take ja ta fitar.

Ta ce, "To mi ya rage? Gobe Alhamis, kasuwar Shinkafi na ci. Ka kai mishi."

Na so in yi gardama, amma ni kaina ba ni da wata dabara da ta fi wannan. Ta naɗe mini su a tsohon zanenta, na sa a jaka, da safe na hau mota.

Kawu Maitama dillalin shanu ne, ya fi shekara talatin a karar Shinkafi. Gajere ne, sandarsa ta fi shi tsawo, kuma bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na same shi yana buɗe bakin wani maraƙi. Da na warware zanen na yi masa bayani, bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya goge hannu a riga ya ɗauki mai fanka uku, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina shi, ya hura iska a fanka ya kara kunne. Sannan ya juya shi ya ga jerin ƙananan tagulla da ke shiga cikin fanel, ya bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Haƙoran sun cika. Wanga ba yaro ba na, ya yi aiki."

Ya tambaye ni wa ya riƙe shi kafin ya zo Kano, me ya sa mai shi ya rabu da shi, ko ya taɓa kwanciya ciwo. Ban san ko ɗaya ba. Ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sai su sayi abu ba su san gidan da ya fito ba. Duk da haka ya ce mai fanka uku ya kwanta masa, don yana da ƙirji, kuma bayansa a miƙe yake.

Na yi murna, na ce to shi ke nan, shi zan ɗauka. Ya ɗaga sanda ya ce in tsaya. A kara, dillali ɗaya ba ya riƙe igiya biyu, in ya riƙe to ya ci amanar dabba ɗaya. Tunda shi ya riƙe dogon, dole gajeren ya sami nasa mai magana, in ba haka ba ciniki bai yi ba. Ya ɗaga murya ya kira Ubaidullahi.

Ubaidullahi dogo ne siriri mai farin gemu, shi ma dillali. Na taso ina jin cewa shi da Kawu ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba tun wata rigima da suka yi kan wani jan sa kafin a haife ni. Kawu ya miƙa masa mai fanka biyu. Bai tambayi ko mene ne ba. Ya juya shi sau ɗaya, ya dubi wanda ke hannun Kawu, nan take ya fara yabon nasa. Ya ce gajeren sa shi ke cin kaɗan ya yi huɗa har faɗuwar rana, dogo kuwa sai kyan gani ranar kasuwa. Kawu ya ce mai fanka biyu ai nakasasshe ne, an haife shi ba ɗaya. Ubaidullahi ya ce ta ukun ta Maitama ƙari ce irin wanda ke fito wa tsohuwar saniya a wuya.

Mutane suka fara taruwa. Wani Bafillace da ya kawo shanu biyar ya bar su ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sannan ya taya mai fanka uku da akuya mai ciki. Kawu ya ce albarka ko dubana bai yi ba. Na yi ƙoƙarin in yi musu bayanin gudu da ƙwaƙwalwa, sai kowa ya tsinci kalmar da ta yi masa daɗi ya jefi ɗan'uwansa da ita. Kafin azahar kara ta rabu biyu, har masu sayar da igiya sun zaɓi ɓangare.

Gaskiya ita ce na ji daɗi. Tunda nake, ba a taɓa samun dattijo ya tsaya ya dubi abin da nake so na minti biyar ba. Ga shi yau manya kusan arba'in sun bar ciniki suna tada jijiyar wuya a kan kayana.

Da rana ta karkata Kawu da Ubaidullahi suka tsaya a kan abu ɗaya, wanda aka ce shi ne karo na farko da suka yi hakan. Shanun huɗa ba a sayensu da baki. Sai an ɗaura musu karkiya da tsakar rana an ga wanda zai fara saki. Na ce ai babu wuta a Kaura. Sai na tuna da Faruku, abokina tun firamare, wanda ke da sola a shagonsa na caji da kayan sanyi a Zurmi. Aka sa Asabar.

Ranar Asabar da safe na fito da kwamfuta ina tsammanin mutum biyu. Na tarar da goma sha ɗaya a ƙofar gida, Kawu da mutanensa biyar, Ubaidullahi da nasa huɗu, sun ƙi zama a tabarma ɗaya. Muka cika mota, akwati a cinyata, allo a cinyar Kawu ya rungume shi kamar jariri. Direba ya leƙa sama ya ce hadarin yau da nauyi, in bai zuba yau ba to gobe. Na ce a raina kafin la'asar mun gama.

Faruku ya ga tawaga ya ja ni gefe ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Da na faɗa masa, ya ce in yi a hankali da inbatarsa, na'urar da ke raba wutar solar, ita ke riƙe da firij da wayoyin mutane. Kawu ya ce a fili za a yi, cikin rana, don ba a gwada sa a inuwa. Faruku ya ce wayar wuta ba ta kaiwa. Aka daidaita a bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfar kwano, inda zafi ya ma fi na fili. Na cire murfin gefen akwatin na ajiye, don in riƙa sauya kati ba wahala. Kafin in gama jona wayoyi mutanen Zurmi sun kewaye mu, har da wani mai goro da ya sauke farantinsa da butarsa ya sami wuri a gaba.

Mai fanka uku aka fara sawa. Da na danna, fitilunsa suka kama, kore ya koma shuɗi, shuɗi ya koma ja. Mutanen Kawu suka gyara tsayuwa. Na buɗe gem ɗin tseren mota, na nuna musu lambobi biyu a kusurwar allo, ta sama tana nuna gudun hoto, ta ƙasa tana nuna zafin kati. Hoton ya fito tas, har ƙurar tayar mota ana gani. Na kai hannu zan ɗauki abin tuƙi, Kawu ya riga ni. Ya ce dabbarsa ce, shi zai kora ta.

Ya daki bango sau shida. Ya yi baya ya faɗa kogi. Ya fito ya bi hanya a juye, motoci na zuwa suna kauce masa. Ya ce a shaida, an daki bango sau shida abin ko gezau. Ubaidullahi ya ce a shaida dai, dabbar na haki. Kuma gaskiyarsa, fankokin uku sun fara kuka kamar injin markaɗe, lambar zafi ta haura tamanin da biyar, ta kai casa'in. Na ce a dakata ya huce.

Kawu ya ce, "Sa ba shi hutawa tsakiyar kunyar huɗa. A yayyafa mai ruwa."

Na ce ruwa da kwamfuta ba sa haɗuwa ko kaɗan, na tsaya a kan haka. Ina cikin faɗa sai idona ya kai kan jarkar zoɓon Faruku da ke jingine a bango, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, kamar yadda kowa ke yi in firij ya cika. Iska ta ratsa buhu, abin da ke ciki ya yi sanyi. Ba zan ɗora wa kowa wannan ba, ni na kawo shawarar. Na ce ba za a zuba wa kati ruwa ba, amma za a iya yi masa irin na jarka. Muka kwance buhun, na jiƙa shi na matse sosai, na rataya shi a gefen akwatin da ke buɗe, yadda fanka za ta ja iska ta cikinsa.

Lamba ta sauko daga casa'in zuwa tamanin da huɗu, ta sauko tamanin da ɗaya. Kukan fanka ya ragu. Wurin ya ɗauki surutu. Faruku ya ce da na zauna a makaranta da yanzu ana jin sunana a rediyo. Ni kuwa har na fara tsara bidiyon da zan yi in koya wa masu rigunan sanyi.

Matsalar ita ce buhu a bazara minti goma yake yi ya bushe. Karo na biyu ni na jiƙa na matse. Karo na uku wani mutumin Kawu ya ce ba sai an cire ba, ya yayyafa da hannu, lamba ta ƙara sauka. Daga nan kowa a ɓangaren Kawu ya ga hanyar da zai taimaka wa nasu. Wannan ya yayyafa, wancan ya fesa da baki. Ina can ina nuna wa Kawu inda birki yake, mai goro ya miƙe. Ya ce shi shekara ashirin yana jiƙa buhu, waɗannan wasa suke yi. Ya ɗaga butarsa ya juye ta gaba ɗaya daga sama.

Aka ji wata ƙara irin ta ƙosai ya shiga mai. Fitilun suka yi fari gaba ɗaya, suka ɗauke. Wani wari ya tashi kamar an ƙona takalmin roba. Motar Kawu, wadda a karon farko ta hau hanya daidai, ta ɓace tare da hanyar.

Ubaidullahi ya ce Allah ya mayar da alheri, aka amsa da amin. Bai bari amin ɗin ta gama sauka ba ya ce to an ga wanda ya fara saki.

Na cire mataccen katin. Na goge cikin akwatin da zanen Inna, na kai shi rana ya yi awa ɗaya, ba wanda ya tafi. Na dawo na sa mai fanka biyu, na yi bisimilla na danna. Ya kama. Na buɗe gem na karɓi tuƙi da kaina. Mota ta tafi sumul, lambar zafi ta tsaya a saba'in ta ƙi motsi, fanka na juyawa ba a ko jin ta. Gudunsa bai kai na marigayin ba, amma ba yaron da zai biya kuɗi ya zauna ya ce ya ga bambanci.

Faruku ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Naɗe kayanka. Akwai motar Kaura yanzu. Gobe ka buɗe shago, zancen wanda ya ƙone ku daidaita da Kamalu a hankali."

Na kai hannu zan kashe ke nan Kawu ya buga sanda a ƙasa. Ya ce wannan ba gwaji ba ne. An sa sa ɗaya ya yi huɗa cikin laka, ɗayan a kan busasshiyar ƙasa, sannan a ce wani ya fi wani. In adalci ake so, abin da aka yi wa nasa a yi wa wancan. Na ɗauka Ubaidullahi zai ƙi, tunda ya riga ya ci. Sai ya shafa gemu ya ce nasa ba ya tsoron ruwa, a kawo kogi ma in ana so. Suka juyo gare ni su biyu, suka ce mai dukiya shi ke yanke magana.

Na dubi allo, mota na tsaye a bakin hanya tana jira na. Na dubi gabas, hadari ya yi baƙi har ƙasa. Na san abin da hankali ya ce. Amma na ga kaina zaune a shago wata da watanni, kullum ina kallon gajeren nan ina tunanin wataƙila dogon ne ya fi, ruwa ne kawai ya cuce shi. Haka na bar ɗinki ina tunanin walda ta fi, na bar walda ina tunanin babur ya fi, kuma har yau ban san wanne ya fi ɗin ba. Na so sau ɗaya a rayuwata in san amsa, a gaban shaidu.

Na ce, "A jiƙa shi."

Faruku ya ce sunana sau biyu, na yi kamar ban ji ba.

Ba a yi gaggawa ba, don an ce komai sai ya zo daidai. Aka mayar da buhun yadda yake. Aka sa waɗanda suka yayyafa su sake yayyafawa bi da bi, wanda ya fesa da baki ya sake fesawa. Aka cika butar mai goro. Sai wani ya tuna cewa ɗazu kafin ya juye ya kurɓi ruwan. Aka tambaye shi sau nawa, ya ce biyu, wani ya ce uku ya gani. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan biyu manya. Ya kurɓa, aka leƙa cikin butar, ɓangarorin biyu suka gamsu. Kawu ya ce kuma dole motar ta kasance tana tafiya, Ubaidullahi ya karɓi tuƙi ya nufi bango. Mai goro ya tsaya inda ya tsaya ɗazu, ya juye.

Ubaidullahi ya fara ƙirga da ƙarfi. Ya kai bakwai mota na tafiya. A takwas hoto ya tsage gida huɗu. A tara wani abu ya yi tartsatsi a cikin fanel, sannan daga cikin shago inbatar Faruku ta yi ƙara kamar an fasa buhun iska. Firij ya yi shiru. Hayaƙi siriri ya fito ta ƙofa ya bi ta kan kawunanmu.

Ubaidullahi ya ce tara, a shaida. Kawu ya ce nasa ya kai sha biyu. Aka ce wa ya ƙirga? Ba wanda ya ƙirga na farko, don ba wanda ya san zai mutu. Mai goro ya ce shi a ganinsa kusan tare suke, aka ce ya yi shiru ba a tambaye shi ba. Na tsaya riƙe da zanen Inna ina jin su, na gane cewa amsar da na ƙona kati biyu don in samu babu ita.

Faruku bai zage ni ba. Ya fito da ƙonannun wayoyi uku na mutane da ke caji ya jera a kan tebur, ya tsaya yana kallona. Na ciro tawa wayar na ajiye kusa da su, na ɗora abin tuƙi biyu a kai. Ya kwashe ya shiga ciki.

Ba mu yi nisa da Zurmi ba iska ta taso, ta kwantar da ciyayin bakin hanya. Ɗigon farko ya faɗo a gilashin mota, direba ya ce alhamdu lillahi, duk motar ta amsa. Kafin mu kai rabin hanya ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya shiga zancen iri da taki, wani ya ce gobe da asuba zai fita shuka. Kawu ya leƙo daga bayan allon da ya rungume ya ce tunda ciniki bai faɗa ba, ba zai karɓi la'ada ba, amma zai riƙe gawar dogon. Ubaidullahi ya ce shi ma a ba shi nasa. Na miƙa musu. Kowa ya sa nasa a aljihun gaba, fankoki na leƙowa, suka ci gaba daga tara da sha biyu har Kaura.

Na tarar da Baba tsaye a bakin zaure yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ya dubi akwatin da ke kaina, ya dubi ƙofar ɗakin shago da kwaɗonta.

Ya ce, "An buɗe?"

Na ce, "Ba a buɗe ba."

Ya ce motar Banga ƙarfe bakwai take tashi ranar Litinin, in nemi takalmin roba.

Ranar Lahadi na je wurin Kamaluddeen na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni sau biyu ko da gaske buta ce. Ya karɓi kuɗin kati ɗaya, ya aika aka ɗauko allo da akwati a madadin ɗayan. Da zan fita ya ce, don Allah, tsakanina da shi, wanne ya fi? Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma.

A Banga nake rubuta wannan, a bayan littafin awon taki na ƙanen Baba, mun gama noman farko jiya. Ga abin da aka rasa: katin girafik biyu, fanel ɗaya, allo ɗaya, akwati ɗaya, abin tuƙi biyu, inbata ɗaya, waya huɗu har da tawa, zoɓo jarka ɗaya da ya lalace, buhun algarara ɗaya, zanen Inna da na manta a Zurmi, da ɗakin zaure, wanda Baba ya zuba wa buhunan taki ranar da na taho.